Gilashi ɗaya, aiki uku: yadda wani mai hoto a Maradi ya kashe kuɗin adashinsa

Mai hoton da wannan nazari ya shafa saurayi ne da ke da ɗan shago a unguwar Ali Ɗan Sofo, cikin garin Maradi. A hannuna ya koyi aiki kafin ya buɗe nasa. Abincinsa na kullum biki ne da suna da hoton kati, kayan aikinsa kuma ba su wuce kyamarar Canon 80D guda ɗaya ba, da ɗan gilashin 18-55mm, wato idon da ake ɗaura wa kyamara a gaba, da 50mm f/1.8 da yake ɗaukar amare da shi. Waɗannan sun ishe shi, har zuwa wata kaka da ayyuka uku suka faɗo masa kusan lokaci guda.

Wata kafar labarai ta intanet ta nemi ya riƙa aiko mata hotunan kokowar tankaɗe da rairaya da ake yi don fitar da 'yan kokowa 10 da za su wakilci jahar Maradi a gasar takobi. Wata ƙungiya mai aikin kare muhalli kuma za ta je gandun dajin Gadabeji, tana son mai hoto ya bi ta saboda rahotonta na shekara. Ita dai ƙungiyar ta ƙara da cewa tana son hotunan gonaki masu gawo da na tafkin Madarunfa, za ta buga kalanda. Kuɗin da ke hannunsa kwasar adashi ce, da abin da ya samu da ya sayar da tsohon babur. Sun isa gilashi ɗaya mai kyau na hannu, da ɗan canji. Ba su isa biyu ba.

Ya zo mini da shawararsa a ƙulle: Sigma 150-600mm, wanda ya gani a hannun masu ɗaukar zakuna a Kenya cikin hotunan Facebook. Ya ce, "Maigida, wannan shi ne maganin abin. Ko daga bakin ƙofa nake, sai in ɗauko gumin goshin mutum." Na ce masa ban hana shi ba, amma kafin ya miƙa wa dillali ko dala, mu je filin mu auna. Zuwa da kai ya fi aike.

Awo da ƙafa

Lissafin ba shi da wuya, sai dai mai sayar da gilashi ba zai yi maka shi ba. Sansar da ke cikin 80D, wato farantin da haske ke sauka a kai, tsayinta kusan milimita 15 ne, faɗinta kusan 22. In kana son sanin iyakar abin da zai shiga hoto daga sama zuwa ƙasa, sai ka ninka nisan da ke tsakaninka da abin sau 15, ka raba da lambar gilashin, wato wadda ake rubutawa da mm, wadda iya girmanta iya yadda yake jawo abin da ke nesa. A ce mutum yana nesa da kai mita 20, kana kan 200mm. 20 sau 15 ya ba da 300, a raba da 200, mita ɗaya da rabi ke nan. Ƙaton ɗan kokowa a tsaye ba zai shiga ba sai an yanke masa kai ko ƙafa.

Muka je filin kokowa mai sunan Yakuba Kantu, ɗan Maradin da ya fara ɗaukar takobin ƙasa a Tawa a 1975. Safiya ce, babu kowa sai masu shara. Na sa shi ya durƙusa inda masu hoto ke durƙusawa, bayan buhunan da suka kewaye yashin, ni kuma na riƙa takawa ina ƙirga taku. Abin da muka samu, 'yan kokowa za su kasance tsakanin mita 6 zuwa 25 daga gare shi, ya danganta da inda turereniya ta kai su. Ya fito da waya ya buga lissafin da kansa. A kan 150mm, wato mafi ƙarancin abin da Sigman ke iyawa, in suna mita 10 mita ɗaya kacal zai shiga hoto. Ƙirji da kafaɗa zai samu, ba kaye ba. Sai sun kai mita 20 sannan za su shiga da ƙyar. Duk abin da ke sama da 200mm kuwa ba shi da aiki a wannan fili sai ɗaukar fuskar gwamna a rumfar manyan baƙi. A kan 70mm kuma, mita 10 na ba da fiye da mita 2, mutum biyu da yashin da ƙafarsu ke watsawa. Daga 70 zuwa 200 ya rufe filin tun daga kusa har can ƙarshe.

Da ƙwallon ƙafa aka ba shi, da maganar ta sha bamban. Filin ƙwallo ya haura mita 100, a can 400mm ma ba ta yi yawa ba. Mutane sukan ce "gilashin wasanni" kamar abu ɗaya ne, alhali kokowa da dambe wasannin kusa ne, ƙwallo da sukuwa na nesa.

Awon bai gama karya masa gwiwa ba. Haske ne ya ƙarasa. Kokowar da ake jira, ta manyan ƙarti, bayan la'asar take zuwa, kuma a watan Disamba rana na faɗuwa a Maradi wajen ƙarfe shida da 'yan mintuna. In akwai hazo, haske ya fara mutuwa tun kafin nan da kusan awa guda. Kaye kuwa ƙiftawar ido ne. In kana son ƙafar da ta tashi sama ta fito tar, ba dishi-dishi ba, shata, wato ɗan lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, ba za ta yi jinkirin da ya wuce 1/1000 na daƙiƙa ba. Da tsakar rana kowane gilashi zai ba ka wannan, ko f/5.6 a ISO 100 yana kai wa wajen 1/800 in rana ta buɗe (lambar f girman ƙofar hasken gilashi ce, iya ƙanƙantar lambar iya faɗin ƙofar; ISO kuwa ƙarfin jin hasken sansa ne, iya ɗaga shi iya lalacewar hoto). Da yamma ne ake gane na ƙwarai. Gilashin da ke buɗewa f/2.8 yana shigar da haske ninki huɗu na f/5.6, kusan ninki biyar na f/6.3, wanda shi ne iyakar Sigman a ƙarshensa. Lokacin da mai f/2.8 ke aiki a ISO 1600, mai f/5.6 yana 6400, mai f/6.3 yana 8000. A kan 80D, ISO 1600 hoto ne da za ka sayar. A 8000 fatar mutum ta yi tsaki-tsaki, jan yashi da launin jiki sun cakuɗe.

Ya ce, "To ai yana da abin hana rawar hannu." Na ce, "Rawar hannunka yake hanawa, yaro. Ba ya hana ɗan kokowa motsi." Wannan na daga cikin abubuwan da ake yawan ruɗin masu saye da su. Na'urar tana da amfani sosai in abin da kake ɗauka yana tsaye cik, kamar masallaci da magariba ko dabba tana kiwo. A filin kokowa, inda dole shata ta yi gudu, kusan ba ta ƙara maka komai.

Ƙura da ciniki

Akwai abu na uku da masu ba da shawara a ƙasashen sanyi ba sa sa shi a lissafi. Gilashin da ke miƙewa yana komawa in ana zum, wato jawo hoto kusa ko tura shi nesa, irin 150-600 da tsohon Canon 100-400mm na 1998 da ake ja ana turawa, iska yake zuƙa yana fitarwa duk lokacin da ya motsa. A hunturun Maradi iskar nan da ƙura take tafe. Canon 70-200mm kuwa a ciki yake zum, tsayinsa ba ya canzawa. Ba wai ƙura ba ta shigarsa ko kaɗan ba, amma bambancin yana bayyana bayan shekara biyu ko uku.

Sai aka zo kan wanne 70-200. Akwai f/4L na 1999, gram 705, mara nauyi, mai araha, kuma hotonsa ba shi da makusa. Akwai f/2.8L na 1995 wanda ba shi da na'urar hana rawa, wajen kilo 1.3. Akwai f/2.8L IS II na 2010, kusan kilo ɗaya da rabi, wanda ya fi ƙarfin aljihunsa. Ni f/4 na so ya saya, ya yi amfani da ragowar kuɗin ya ƙara kyamara ta biyu ko da tsohuwa ce. Shi ya kafe kan f/2.8 na 1995, saboda yamma da kuma biki, inda yake son amarya ta fito, taron da ke bayanta ya narke. Hujjarsa tana da ƙarfi, domin ayyukan nan uku na wata biyu ne, biki kuwa shi zai ciyar da gilashin sauran shekara. Na sakar masa.

Tun da Canon ta koma kan sabon bakin RF a 2018, wato wurin da gilashi ke haɗuwa da kyamara, masu hoto a Turai da Dubai suke sakin tsofaffin gilasai masu bakin EF, shi ya sa irin wannan ke samuwa a hannun 'yan kasuwar da ke kawo kaya ta Kano da Yamai. Guda biyu dillalin ya kawo. Na farko jikinsa fes, kamar ba a taɓa aiki da shi ba. Da muka haska fitilar waya ta bayansa muka leƙa ta gaba, sai ga fumfuna a gefen gilashin ciki, zare-zare fari ya bazu. Alamar ya zauna a garin danshi ce, irin su Kwatano ko Legas, kuma in ta daɗe tana cin rufin gilashin ta bar tabon da wanki ba ya fitarwa. Na biyu fentinsa ya goge a wurin riƙo, da 'yar ƙura ƙwaya-ƙwaya a ciki, wadda ba ta fitowa a hoto. Muka manna jarida a bango, ya ɗauka a 70 da 135 da 200, duka a f/2.8, muka duba kusurwa huɗu a kwamfuta. Rubutu ya fito daidai ta kowane gefe, fokas na kamawa ba kai-komo. Mummunan muka ɗauka. Da canjin ya sayi filta mai kare baki ta milimita 77 da ɗan famfon hura ƙura.

Abin da ya faru a filin kokowa

Ranar farko ya dawo da kati cike da hotuna, waɗanda suka yi ba su da yawa. Sabon gilashi ya ɗauke masa hankali, ya maƙale a 200mm da f/2.8 tun rana na sama. A wannan saiti, in mutum yana mita 15, zurfin abin da ke fitowa tar bai wuce santimita 60 ba. Ƙarti biyu da suka sarƙe sun fi haka kauri, sai fuskar ɗaya ta fito, ta abokin karawarsa ta yi laushi. Kuma da an ɗaga mutum sama, ƙafarsa ta fice daga hoton. Washegari ya koma tsakanin 100 da 135mm, ya bar fili sama da kawunansu, ya riƙe f/4 har sai da inuwar rumfa ta rufe yashi sannan ya buɗe f/2.8. A ranar ya samu hoton da kafar labaran ta sa a gaba: mutum a sama, laya na lilo a damtsensa, yashi ya tashi, 'yan kallo a baya sun zama launi kawai.

Inda ya sha wuya shi ne abin da ke biyo bayan kaye. Magoya baya sun ruga cikin fili, an ɗauki gwani a kafaɗa, makaɗa da 'yan cali-cali sun iso har gabansa, duk a mita 2 ko 3. Nan 70mm ta yi tsawo. Ya riƙa cire babban yana sa 18-55 a tsakiyar ƙurar da ɗaruruwan ƙafafu suka tayar, kafin ya gama an wuce. Daga baya ya ari tsohuwar kyamarar 600D a wurin wani abokin sana'a ya rataya ta da ƙaramin gilashin. Amma ƙurar kwanakin farko ta riga ta zauna a kan sansa, kuma ba ta nuna kanta ba sai a aiki na uku.

Gadabeji

Wannan tafiyar ita ta fi ba shi tsoro, domin ita ce hujjar masu cewa ya sayi 600mm. Gandun yana arewacin Dakwaro, an keɓe shi tun 1955, faɗinsa hekta 76,000, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da take karewa a 2017. Abin da ƙungiyar ta fi so shi ne raƙuman dawa. A watan Nuwamba na 2018 aka ɗauko guda 8 daga yankin Kure, tafiyar fiye da kilomita 800 a mota, aka sake su a nan bayan kusan shekara 50 ba a ga irinsu a wurin ba. Irin na Afirka ta Yamma ne, masu hasken fata, waɗanda a 1996 guda 49 kaɗai suka rage a duniya, dukansu a Nijar.

Lissafin nan dai muka sake bugawa. Babban raƙumin dawa yana kai mita 5. A mita 100, 200mm na ɗaukar mita 7 da rabi, dabbar ta cika kashi biyu cikin uku na hoton. A mita 60 ma ba ta shiga sai an juya kyamara a tsaye. Su kuma waɗannan a cikin gonakin mutane aka haife su, sun saba da ganin ɗan Adam, ba sa tserewa tun daga nesa in an bi su a hankali bisa umarnin ma'aikatan gandun daji. Don ƙarin tsaro na ara masa mahaɗin 1.4x, wanda ake sawa tsakanin kyamara da gilashi. Yana mayar da 200mm ta zama 280, amma yana cinye rabin haske, f/2.8 ta koma f/4. Da safe wannan ba matsala ba ce. Na kuma ce ya cika ƙaramin buhu da gero ya ɗora a tagar mota ya kwantar da gilashin a kai, kuma ya roƙi direba ya kashe inji kafin ya danna.

Raƙuman sun fito yadda ake so, har da wanda ke miƙa wuya cikin ƙaya yana tsinko ganye da harshe. Barewa ce ta kayar da shi. Tsayinta a kafaɗa bai wuce santimita 60 da ɗoriya ba, kuma ba ta yarda a matso. A mita 100 da 280mm, hoton na ɗaukar fiye da mita 5, barewar ɗigo ce a tsakiya. Abin da ya cece shi kaɗan shi ne yankan hoto. Hoton 80D ɗigo 6000 ne a faɗi, 4000 a tsaye. In ka yanke rabi ta kowane gefe ya saura 3000 da 2000, daidai yake da a ce ka ninka tsawon gilashin, kuma ya isa shafin rahoto ko fuskar waya. Bai isa babban allo ba. A nan, gaskiya, mai 600mm ya fi shi.

Amma ko shi ba kullum ba. Wani baƙo a cikin tawagar yana da dogon gilashi, kuma hotunan da ya ɗauka daga hantsi zuwa la'asar ba su fi na yaron ba. In ƙasa ta ɗau zafi iskar da ke samanta tana rawa, kawalwalniya ta shiga tsakani, iya tsawon gilashinka iya yadda kake ƙara girman rawar. Ga hazo kuma yana cinye launi da kowane taku na nisa. A ƙasarmu amfanin dogon gilashi yana cikin awa biyun farko na safiya da ta ƙarshen yamma, kuma a riƙe shi da hannu a 600mm kan irin wannan kyamara yana son shata ta kai 1/1000 ko da dabbar tana tsaye, in ba na'urar hana rawa ta taimaka ba.

Gawo da tafki

Kowa ya san ƙa'idar da ake koyarwa: shimfiɗar ƙasa tana son gilashi mai faɗi. Ya so ya ci bashi ya ƙara Canon 10-18mm, ɗan ƙarami mai gram 240. Na ce ya fara gwada 18mm da yake da ita. Ya je gonakin da ke hanyar Tibiri ya dawo yana ƙorafi, wai hoton ba komai a ciki. Haka ne kuwa. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, babu dutse babu tudu, kuma a hunturu sama fara ce fat. Gilashi mai faɗi yana tura komai nesa, sai ka samu rabin hoto farin sama, rabi karan gero, itatuwa 'yan mitsi-mitsi a tsakani. A wannan farin saman ne ma, da ya rufe zuwa f/11, ƙurar filin kokowa ta fito baƙi-baƙi, sai da muka wanke sansar.

Da ya koma da 70-200 da sassafe sai wurin ya canza. A 135 zuwa 200mm itatuwan suna matsowa kusa da juna, na gaba kore shar, domin gawo da rani yake ganye, na baya suna dusashewa cikin hazo layi-layi. Hazon da ya ɓata hoton barewa shi ya gyara wannan. Labarin da ƙungiyar ke son bayarwa na manoman da suka daina sare tohon kututture suna rainonsa ne, aikin da ya faro a nan yankin Maradi a farkon shekarun 1980, kuma ana ganinsa a hoton. Sai dai na ja masa kunne a kan abu ɗaya. Dogon gilashi na iya mayar da gona mai itace goma ta zama kamar kurmi. Kalanda ta ɗauki wannan, amma rahoton da za a karanta a yanke hukunci a kai yana bukatar a haɗa da hoton 35 ko 50mm, wanda ya fi kusa da abin da ido ke gani in mutum ya tsaya a gonar. Ya miƙa musu iri biyun, kowanne da bayaninsa.

A Madarunfa ne kaɗai 18mm ta yi rana, saboda akwai abin sawa a gaba: ya durƙusa dab da bakin wani jirgin masunta, taru a jibge a ciki, ruwa ya miƙe a baya. Tsuntsayen tafkin kuwa, zalɓe da kirinjijiya, sun fi ƙarfin 280mm, ya gaya wa ƙungiyar tun kafin su tambaya, suka cike shafin da balbelu a bayan shanu, waɗanda ba sa gudun mutum.

Yanzu gardamar da ke tsakaninmu a kan kwasar adashi mai zuwa ce. Ni har gobe kyamara ta biyu nake ce masa, domin ita za ta raba shi da cire gilashi a cikin ƙura, a biki ma tana da aiki kowane mako. Shi barewar nan ce ta tsaya masa a rai. Yana son Canon 400mm f/5.6L na 1993, kilo ɗaya da kwata, ba zum ba miƙewa, fokas mai sauri. Na tambaye shi sau nawa a shekara ake biyan mutum ya ɗauki barewa. Ya ce, "Maigida, ai ba a biya ba ne don babu mai ɗauka." Ya riga ya sa dillali ya nemo masa.